Malaminmu ya dawo mini da sharhina ba maki: yaya ake sharhin wasan da aka kalla a dandamali?

Ɗalibin_Aji_Biyu

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin wasan kwaikwayo, ina aji biyu, kuma na zo da matsalar da ta hana ni sukuni tun shekaranjiya. A makon jiya 'yan aji huɗu suka gabatar da wasansu na ƙarshen zango, aka umarce mu da mu kalla, kowa ya rubuta sharhin da bai wuce shafi uku ba. Wasan a kan rabon gado ne: wani manomi ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da gona, ƙanensa ya mamaye gonar da sunan riƙon marayu, har magana ta kai gaban alƙali. Na kawo labarin daga farko zuwa ƙarshe, na fito da babban jigo, wato cin dukiyar marayu, na biyo da ƙananan jigogi, na yi magana a kan karin maganar da aka yi amfani da su, na rufe da darussan da wasan yake koyarwa. Malamin ya dawo mini da takardar ba maki, ya rubuta da jan biro cewa duk abin da na faɗa, wanda bai taka ƙafarsa zauren ba ma zai iya faɗarsa idan aka miƙa masa rubutaccen wasan. Ya ba ni mako guda in sake.

Tambayata ita ce, idan ba jigo da darasi ba, me ake rubutawa? Sannan waɗanda suka yi wasan yayyena ne a sashe, kuma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, amma ban san yadda zan faɗe su ba tare da na ɓata da kowa ba. Za a sake nuna wasan ranar Asabar, kuma ina da niyyar komawa.

Tsohon_Darakta

Wa alaikumus salam. Ɗana, malaminka gata ya yi maka, domin da ya ba ka biyar cikin goma ya yi shiru, da haka za ka ci gaba da rubutu har ka gama karatu. Kafin kowa ya ba ka wata ƙa'ida, ka ajiye takardar nan gefe, ka faɗa mana abu uku da har yanzu kake ganinsu idan ka rufe ido, ko kake jin su a kunnenka. Kada ka gaya mana abin da wasan yake nufi. Abin da ka gani da abin da ka ji kawai nake tambaya.

Ɗalibin_Aji_Biyu

To, Baba. Na farko, akwai wurin da aka kawo wa matar mamacin labarin an sayar da rabin gonar. Tana zaune tana tsintar wake a faifai. Na ɗauka za ta fasa kuka ko ta ɗora hannu a ka, amma ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ci gaba da tsintar, sai dai hannunta ya riƙa sauri, har ta fara zubar da waken tana mayar da tsakuwa cikin faifan. Zauren ya yi tsit, har ƙarar tsakuwar muke ji. Na biyu, wadda ta fito a kakar yaran an shafa mata farar hoda a gira da gefen kai, an ba ta sanda, amma tafiyarta ta budurwa ce, kuma idan za ta fita sai ta manta ta riƙe sandar kamar tsintsiya, mutane suka riƙa dariya a wuraren da ba na dariya ba. Na uku, ana tsakiyar shari'a aka ɗauke wuta. Kusan minti huɗu ana cikin duhu kafin a tada janareta, 'yan kallo suka kunna fitilun wayoyinsu suka haska dandamalin, shi kuma wanda ya fito a ƙanen mamacin bai tsaya ba, ya dubi alƙali ya ce duhun nan ma shaida ne cewa Allah ba ya son a tona asirin zumunci. Wata mata daga baya ta ɗaga murya ta yi masa Allah ya isa. Ko ɗaya daga cikin ukun nan ban sa a sharhina ba, domin na ɗauka ba su shafi nazari ba.

Tsohon_Darakta

Ai ga sharhinka nan ka rubuta da kanka ba ka sani ba. Ɗauki maganar waken nan. Ina kyautata zaton abin da ke cikin rubutaccen wasan bai wuce layi ɗaya ba, wataƙila an ce ta ji labari ranta ya ɓaci. Tsakanin wannan layin da abin da ka gani akwai mutanen da suka zauna suka yi shawara: wani ya ce a ba ta faifai maimakon a bar ta hannu sake, wani ya ce kada ta yi kuka, wani ya ƙayyade tsawon shirun kafin mai magana na gaba ya buɗe baki. Aikinka shi ne ka gano waɗannan shawarwari, ka bayyana su yadda wanda bai je ba zai gan su, sannan ka faɗi abin da suka haifar a zauren. Na shafe shekaru ina shirya wasa da ƙungiyoyin matasa, kuma babu abin da ke ɓata mini rai kamar mu yi wata biyu muna gwajin yadda mutum zai shigo da yadda zai zauna, sai mai sharhi ya zo ya rubuta cewa wasan yana koyar da muhimmancin haƙuri. Wannan ko mai wa'azin bakin kasuwa ya faɗa mana, ba sai mun ɗinka sutura ba.

Malamar_Adabi

Ina tare da Malam Tsohon Darakta a mafi yawan abin da ya faɗa, amma ba zan yarda a mayar da jigo abin raini ba. Tsarin da yaron nan ya bi, wato jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, shi muke koyarwa tun daga sakandare, kuma yana da amfani ƙwarai a inda aka yi shi dominsa, wato nazarin rubutaccen adabi. Matsalar ita ce yawancin ɗalibanmu a littafi suka fara haɗuwa da wasan kwaikwayo, don cin jarrabawa, saboda haka da an ce wasa sai hankalinsu ya tafi ga takarda. Ko Aristotal, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka da ake fara koya muku a aji ɗaya, cikin abubuwa shida da ya lissafa a matsayin ginshiƙan wasan kwaikwayo, zubin labari ya sa a gaba, abin da ido ke gani kuma ya sa shi a ƙarshe, domin aikin marubuci yake aunawa. Kai kuwa an aike ka ne ka dubi masu aiwatarwa, don haka dole lissafin ya juya a hannunka.

Kada ka jefar da jigon, ka dai hana shi tsayawa shi kaɗai. Ka ce jigon wasan cin dukiyar marayu ne. To, a ina ka gan shi da idonka? Ka gan shi a hannun matar da ta kasa bambance wake da tsakuwa. Labarin wasan kuwa kada ya wuce sakin layi ɗaya a cikin shafuka ukun nan.

Mai_Fitila

Ni ɓangaren haske da sauti nake aiki, kuma maganar ɗauke wutar ce ta sa na tsoma baki. Ƙanena, babu wanda zai zargi ɗalibai a kan ɗauke wuta, amma minti huɗu a duhu laifin wani ne. Duk wanda ya taɓa shirya wasa a ƙasar nan ya san ana tada janareta tun kafin a buɗe ƙofa a ɗora fitilun dandamali a kansa, ko kuma aƙalla a ajiye fitilun caji biyu ko uku a gefe tare da mutumin da aikinsa kawai ya kunna su. Idan ba a yi ko ɗaya ba, mai kula da dandamali bai yi aikinsa ba, kuma kana da damar ka rubuta hakan. Sannan ina roƙonka ka tuna da hasken kafin a ɗauke wutar. Fuskokin 'yan wasan suna fitowa? Hasken gidan mamacin da na kotu iri ɗaya ne? Masu sharhi ba sa tunawa da mu sai ranar da abu ya lalace.

Ɗalibin_Aji_Biyu

Gaskiya ban lura da bambancin hasken gida da na kotu ba. Abin da na tuna shi ne idan alƙalin ya sunkuyar da kai ba a ganin fuskarsa sam, sai rawani.

Mai_Fitila

Wannan yana nufin fitilun duk daga sama suke, babu wadda ke haskowa daga gaba daidai fuska, shi ya sa inuwar rawanin ta cinye idanunsa. Ka ga ka lura, dalilin ne ba ka sani ba. Ranar Asabar ka ɗaga kai ka ƙirga fitilun kafin a fara.

Bazazzagiya

Akwai abin da ba a taɓo ba tukuna, wato wurin da aka yi wasan da inda kai mai sharhi ka zauna. Ni a Jami'ar Ahmadu Bello na yi karatu, kuma duk wanda ya kalli wasa a dandalin nan na ginin ƙasa da ke Samaru, wanda ake kira Drama Village, ya san cewa gini yana da hannu a cikin wasa. Wani Ba'amurke mai tsara gine-gine, Steven Ehrlich, shi ya zana shi a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton ya fara karantar da wasan kwaikwayo a jami'ar, kuma an yi shi ne bisa fasalin gidan Bahaushe, da zagayayyun ɗakuna da fili a tsakiya, sama a buɗe. A irin wannan wuri ɗan wasa zai iya fitowa daga bayanka, kana kuma ganin fuskokin 'yan kallon da ke ɗaya ɓangaren. Wasan da ya yi armashi a can, idan aka kai shi babban ɗakin taro mai tsayin dandamali da kujeru a jere kamar aji, sai ka ga ya yi lami, ko da ba a canza kalma ɗaya ba.

Saboda haka ka gaya wa mai karatu irin zauren da kuka zauna. Ka ce kun ji ƙarar tsakuwa a faifai, to su waye ku? 'Yan layin gaba ne ko zauren duka? Matar da ta yi Allah ya isa daga baya take, kuma mai yiwuwa ita ba ta ga waken ba sam. Idan ka koma, ka sauya wurin zama.

Ɗan_Damagaram

Gaisuwa daga Damagaram. Na yi murmushi da na karanta maganar rubutaccen wasa, domin mu a nan Nijar, teyatur ɗin da muka taso muka tarar yawancinsa ba shi da rubutu. A zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da samariya, wato ƙungiyoyin matasa, take da ƙarfi, kowace jaha tana kai ƙungiyarta gasar bikin matasa na ƙasa, kuma abin da ake yi shi ne a zauna a tsara gundarin labari, a raba wa kowa matsayinsa, maganganun kuwa a bakin ɗan wasa suke fitowa lokacin gwaji, su ƙara canzawa a gaban jama'a. Shahararrun 'yan wasa irin su Yazi Dogo da wannan salon aka san su. Wanda zai yanke hukunci a kan irin wannan wasa ba shi da takardar da zai jingina da ita, sai idonsa da kunnensa. Shi ya sa abin da ya fi burge ni a labarinka shi ne ƙanen mamacin da ya mayar da duhu hujja a gaban alƙali. Bai tuɓe rigar mutumin da yake kwaikwaya ba, kuma abin da ya ƙirƙira nan take ya ƙara fito da munafuncin mutumin. Ya cancanci sakin layi nasa shi kaɗai.

Na_Bayan_Labule

Ban yarda da ɗan'uwana na Damagaram gaba ɗaya ba. Na yi shekara shida ina hawa dandamali, kuma na san irin wannan ɗan wasan: jama'a suna son sa, abokan wasansa suna tsoronsa. Tambayar ita ce, bayan ya jefa wannan magana, me alƙalin ya yi? Idan ya samu abin mayarwa wasa ya ci gaba, madalla. Idan kuwa ya daskare yana jiran layin da ya haddace, to gwanin nan kansa ya ceta ya bar ɗan'uwansa a rana, kuma mai sharhin da ya yaba masa ya koya masa mummunar ɗabi'a.

Ɗalibin_Aji_Biyu

Alƙalin ya ɗan yi jim, sannan ya bugi tebur ya ce a yi shiru a kotu, kuma da yake 'yan kallo ne suke hayaniya a lokacin, sai muka zama kamar mu ne jama'ar kotun, aka yi dariya aka kuma yi shirun. Amma tunda Malam Mai Fitila ya ɗora laifin duhun a kan mai kula da dandamali, bari in fito fili: shi ne wanda muke ɗaki ɗaya da shi. Ita kuma wadda ta fito a kaka, ita ta taimake ni da rajista ranar da na fara zuwa makarantar. Malaminmu yakan liƙa sharhin da ya fi kyau a allon sanarwa na sashe. Da wane ido zan dube su?

Alƙalamin_Jarida

Na daɗe ina rubuta sharhin wasanni a jarida, kuma wannan kunyar da kake ji ba za ta bar ka ba har ka tsufa, domin masu wasa 'yan kaɗan ne, wanda ka soka yau gobe a wurin ɗaurin aure za ku haɗu. Abin da ya taimake ni shi ne tambayoyi uku da ake dangantawa da marubucin Jamus Goethe: me mai aikin ya yi niyyar yi, ya iya yin sa ko bai iya ba, kuma abin ya cancanci a yi shi tun farko? Amfanin ta farko shi ne tana hana ka auna mutane da mudun da ba nasu ba. 'Yan aji huɗu ne da kuɗin karo-karo, don haka ba za ka zarge su da rashin fitila ashirin ba, amma za ka iya tambayar abin da suka yi da 'yan waɗanda suke da su.

Game da 'yar'uwar da ta fito a kaka, da bambanci tsakanin ka rubuta cewa ba ta iya wasa ba, da ka rubuta cewa kwalliyar fuskarta ta 'yar shekara 70 ce amma tafiyarta ta 'yar 20, kuma wannan saɓanin ya jawo dariya a fitowar da ake zaman makoki. Na farko hukunci ne a kan mutum, kuma dare ɗaya bai isa ya ba ka hujjarsa ba. Na biyu bayanin abin da zaure guda ya gani ne, ita kanta ba za ta musa ba, kuma ya nuna mata inda za ta gyara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abu ɗaya da na hana kaina shi ne yi wa ɗan wasa ba'a don in burge mai karatu, domin jimlar ba'a tana da daɗin rubutawa, kuma ita kaɗai mutumin zai riƙe.

Na_Bayan_Labule

Wannan na ƙarshe gaskiya ne. Wani ya taɓa rubuta cewa tafiyata a dandamali ta agwagwa ce, har yau ban manta ba, kuma ban koyi komai daga ciki ba. Wani kuma ya rubuta cewa idan na juya wa 'yan kallo baya ina haɗiye ƙarshen jimla, na ji haushi kwana biyu, amma na gyara. Shawarata ga ƙanenmu ita ce ya same su kafin Asabar ya faɗa musu baki da baki. Wanda kuke ɗaki ɗaya da shi bai kamata ya fara sanin ra'ayinka daga allon sanarwa ba.

Sarkin_Tashe

Ku gafarce ni in koma kan kakar nan. Abin mamaki ne a ce ɗalibar jami'a ta kasa abin da yaran unguwa suke yi kowace shekara daga goma ga watan azumi. Yaron da zai yi tashen tsoho da gemu, ba audugar da ya manna a haɓa ke sa a ba shi sadaka ba. Yadda yake ranƙwafawa, yadda gwiwarsa ke rawa, yadda yake kafa sandar kafin ya ɗaga ƙafa, su ne tsufan, kuma babu wanda ya koya masa a aji, kakansa ya kalla. Ina ganin ɗalibanmu suna haddace ƙa'idojin Stanislavski, daraktan nan na ƙasar Rasha da ya tsara hanyar horar da 'yan wasa, su manta akwai makaranta a ƙofar gidansu. Idan ni ne kai, sai na kawo wannan kwatancen a sharhin.

Malamar_Adabi

Kwatancen yana da daɗi, Malam, amma a yi hattara da shi. Tsufan tashe an zuzuta shi ne da gangan don a yi dariya, ita kuwa wannan yarinya dariyar ce matsalarta. Da ta yi tafiyar ɗan tashe a gidan makoki, da dariyar ta ninka. Abin da za a ɗauka daga yaron shi ne kallon da ya yi wa kakansa, ba tafiyar da ya fito da ita ba.

Gwaggon_Yara

Ni ba ɗaliba ba ce, ban kuma taɓa rubuta sharhi ba, 'yata ce take irin wannan karatun nake zuwa kallon wasanninsu. Matar da ta yi Allah ya isa nake so in kare. Mu ba mu saba kallon wasa baki a rufe ba, ko tatsuniya ake yi sai an amsa wa mai yin ta. Amma idan muka yi magana a zauren jami'a, wasu sai su juyo suna hararar mu kamar mun shigo da takalmi masallaci. Ɗana, wa ya sani ko ita ma an taɓa cinye mata gona? Idan za ka rubuta a kan 'yan kallo, kada ka ce ba su waye ba. Ka rubuta cewa yaron nan ya yi mugunta har wata uwa ta manta wasa ake yi.

Bazazzagiya

Gwaggo ta yi gaskiya. A wasannin da sashenmu ya riƙa kaiwa ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo tun daga ƙarshen shekarun 1970, tsoma bakin manoma shi ne abin da ake nema, kuma Augusto Boal na ƙasar Brazil ya gina tsari guda a kan ɗan kallo ya tashi ya shiga wasa. Sai dai mai sharhi ya bambance amsa iri biyu da aka samu a daren nan. Allah ya isan daga cikin labarin ta fito, dariyar da aka yi wa kaka kuwa daga wajensa ta fito, domin mutane sun daina ganin tsohuwa sun koma ganin ɗaliba da hoda.

Mai_Kyamara

Me zai hana ranar Asabar ka ɗauki wasan duka da wayarka, ka koma ɗaki ka kalla a nitse, kana tsayarwa kana rubutu? Ta haka babu abin da zai wuce ka, ko fitila ko sanda.

Tsohon_Darakta

Ban goyi bayan wannan ba. Da farko sai da izinin masu wasan. Na biyu, wanda yake riƙe da waya hankalinsa yana kan kada hoto ya karkace, kuma wayar abin da ka nufa da ita kawai take gani, ba za ta ɗauko maka shirun nan da zauren ya yi ba. Ka tafi da ƙaramin littafi, ka ɗora a cinya, ka riƙa rubuta kalma biyu ko uku ba tare da ka sauke ido daga dandamali ba, ko da rubutun zai hau kan juna. Da an tashi, kafin ka tsaya hira da kowa, ka samu wuri ka cike su, domin da zarar abokai sun fara faɗin nasu ra'ayin ba za ka ƙara sanin wanne ne naka ba.

Kuma ban yarda da shawarar zuwa wurinsu kafin Asabar ba. Idan ka gyara musu wasa sannan ka zo ka yi sharhinsa, ka zama mataimakin darakta, aikinka kake yabo. Ka rubuta ranar da ka kalla a saman takardar, kuma idan ka kalli dare biyu ka faɗa, domin bambancin da ke tsakaninsu ma abin rubutawa ne.

Alƙalamin_Jarida

Ni a kan wayar ban tsananta kamar Malam ba, hoto ɗaya na dandamali kafin a fara yana taimakawa wajen tuna inda aka ajiye kaya. Abin da ba na yafewa shi ne kuskuren suna. Ka nemi takardar da aka jera sunayen 'yan wasa da masu aikin bayan fage, ka kwafe su daidai, har da na mai haske da mai sutura.

Ɗalibin_Aji_Biyu

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na yanke, ko da bai gamsar da kowa ba. Zan yi wa abokin ɗakina maganar janareta yau da dare, domin ba zan iya kwana kusa da shi in bar jama'a su sake zama cikin duhu don sharhina ya yi daɗi ba, kuma zan rubuta abin da ya faru a daren farko yadda ya faru. Maganar kaka kuwa ba zan taɓa ta ba sai bayan Asabar. Zan zauna a layin baya wannan karon, in ga ko waken yana kaiwa can.

Tsohon_Darakta

Rabi ka ɗauka ka bar rabi, amma janareta ba shawarar darakta ba ce, don haka ba zan ja da kai ba. Sai dai ka sani, idan waken bai kai layin baya ba, yabon da ka shirya wa matar mamacin ma sai ka sake duba shi, ka kuma tambayi kanka ko laifin nata ne ko na wanda ya zaunar da ita a ƙasa a zauren da kujerunsa ba su da tudu.

Na_Bayan_Labule

Ni abu ɗaya nake so ka dawo ka gaya mana ranar Lahadi. Ka sa ido a kan ƙanen mamacin idan an zo wurin shari'a. Ya riga ya ɗanɗani tafin da maganar duhun nan ta jawo masa, kuma ina so in ji ko zai nemi hanyar sake faɗarta alhali fitilu suna kunne.